Tsohuwa Mai Tulu a Kayen Ɗanjuma Tela

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar maigidana, wanda duk Zongon Lome suka sani da Ɗanjuma Tela. Yana raye ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, Malam nake ce masa, yau ma da zan rubuta shi sai da hannuna ya ɗan tsaya. Mutane da yawa za su tuna shi da ɗinki, don angwayen da suka shiga rigar hannunsa ba su ƙirguwa. Waɗansu za su tuna shi da saɓa alkawarin kayan Sallah, nan kam ba zan kare shi ba, tela ne. Ni abin da na fi tuna shi da shi wani kaye ne mai baƙin bango, irin littafin da 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ke rubutu a ciki, wanda ya cika da dodanni a rubutun ajami.

Kada mai karatu ya ɗauka boka na aura. Wasa ne, kuma shi ya ƙirƙiro abinsa. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, lokacin da namiji in zai yi maganar gari sai ya dubi hagu da dama, ya rage murya, sannan ya fasa. Maza sun gaji da dara, sun gaji da ludo, hirar da za a yi a tashi lafiya kuma ba ta da yawa. Sai Malam ya samo musu abin da za su yi gardama a kai har jijiyar wuya ta tashi ba tare da kowa ya kwana a hannun hukuma ba. Kowace Lahadi bayan la'asar yakan ture keken ɗinki gefe, ya share teburin yanka, ya shimfiɗa wani ƙyallen akoko da ya zana wa hanya da alli, daga Kano zuwa Gwanja har bakin teku, hanyar da kakanninsa suka bi da jakuna suna fataucin goro. Wasan Fatake yake kiransa. Kowane ɗan wasa ya ɗauki maɓallin riga ɗaya ya zama shi ne shi, wannan maharbi, wancan maƙeri, wani falke. Malam shi ne mai hanya. Shi zai faɗi inda ayari ya iso da abin da ya tare shi, kai kuma ka faɗi abin da za ka yi, sannan ka jefa ƙwayar ludo a ga ko ya yiwu.

Abin da ke tare hanya su ne dodannin cikin kaye. Ya raba su gida-gida: na daji, na kogi, na dutse, na kasuwa, na bakin gari, na teku. Kowane dodo ya ba shi lamba daga ɗaya zuwa shida gwargwadon wuyarsa. In dodo mai huɗu ya tare ka, sai ka jefa huɗu ko fiye kafin dabararka ta ci. Limamin unguwarmu ya taɓa zuwa da kansa don an kai masa ƙara cewa caca ake yi a shagon tela. Ya tarar ba a aza ko sisi, ya kuma tarar Malam bai sa aljani ko ɗaya a littafin ba, don ya ce abin da Alƙur'ani ya ambata ba abin wasa ba ne, dodannin tatsuniya kawai yake tarawa. Liman ya tsaya zai tafi, ya ƙara tsayawa, a ƙarshe aka ji shi yana ba Saidu direba shawara kada ya kuskura ya tsallaka kogin nan da jakuna.

To amma dodanni ba a bakin maza suke ba, a bakin tsofaffin mata suke, Malam kuwa ba shi da hanyar shiga gidajen mutane. Nan aikina ya shigo. Ina sayar da sabulu da turare a kasuwa, kuma Allah ya yi ni da baki. Zongo ta tara kowa, Zabarmawa, Kotokoli, Yarabawa, Fulani, ga matan Mina masu kawo kifi daga Baguida. Duk tsohuwar da ta tsaya gaban tirena sai na tatse ta. Tambaya huɗu ya koya mini: ina yake zama, me yake ci, me yake tsoro, yaya ake kuɓuta. In na dawo da yamma ya ajiye almakashi ya ɗauki biro, ni ina faɗa yana rubutawa, kuma ƙarƙashin kowane dodo sai ya sa sunan tsohuwar da ta bayar da garinsu. Haka muka samo Ja-Ƙafa na mashigin kogi, da Mai Ido a Ƙeya na cikin daji, da Uwar Raga da ke yaga komar masunta a teku. Ba na jin akwai lokacin da na fi jin daɗin aurena kamar waɗannan yammacin.

Rigimar duk a kan lamba take. Kowa so yake dodon garinsu ya zama mai shida. Saidu Bazabarme ne, ya rantse ya maya cewa babu abin da ya kai na kogin Kwara. Kwami kafinta, maƙwabcinmu ɗan Mina da ya iya Hausa kamar a Zariya aka haife shi, ya ce wanda bai ga teku ta yi fushi ba bai ga komai ba. Malam ko a jikinsa. Ma'auninsa uku ne, girma da haƙori da gudu, kuma in ya rubuta lamba ba roƙon da ke canja ta. Sai dai a kawo dodon kan tebur a gwada, in ya gagari mutane a ƙara masa.

Kwanan baya wata jikata da ke karatu a jami'a ta nuna mini a waya cewa Turawa ma suna da irin wannan wasa, da littattafai masu kauri cike da dodanni, an jera na daji daban, na ruwa daban, kowane da lambarsa. Na yi dariya har na yi tari. Da Malam yana nan da mun shiga uku da fankama, zai ce ai wani matuƙin jirgin ruwa ne ya leƙa shagonsa ya kai musu. Bayan nan zai sa tabarau ya duba, ya tambaya ina sunan tsohuwar da ta ba su wannan, in aka ce babu ya taɓe baki. Hotunan za su burge shi, wannan na sani, don shi ko kaza bai iya zanawa ba. Abin da ba zai gane ba shi ne yaro ya zauna shi kaɗai a ɗaki yana kashe dodo da babban yatsa, ba wanda zai yi masa dariya in ya faɗi.

Yanzu bari in zo kan Inna, mahaifiyata. Tun rasuwar babanmu take zaune a gidanmu, a ɗakin ƙurya. Shekara goma sha ɗaya suna gida ɗaya da Malam ba su taɓa haɗa ido ba. Da safe ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bayan labule ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, shi ke nan. In suka yi kiciɓis a zaure ya juya ya fuskanci bango kamar mai neman ƙusa. Duk wata magana tsakaninsu ta bakina take bi, ko da kuwa suna jin numfashin juna. Kunyar surukai ke nan yadda muka gada, kuma ba ƙiyayya ba ce. Malam ya rasa uwa tun yana goye, ya ɗauki Inna ya sa a wurin, sai dai ba shi da bakin faɗa mata.

Na daɗe ina roƙon Inna ta ba mu dodon garinsu, wani ƙauye a ƙasar Kabi da ta baro tana amarya. Takan ce ita ba ta da lokacin shiririta. Wata rana tana tsefe mini kai sai ta ce in kai masa wannan: akwai wata tsohuwa da ke zama a bakin rijiyar bayan gari, ba haƙori a bakinta, tulunta cike, tana jiran matafiyi ya ɗora mata. Na ce sai me? Ta ce in kai masa haka. Na kai. Malam ya tambayi girmanta, na ce kamar Inna. Haƙori babu, gudu babu. Ya buɗe shafin bakin gari ya rubuta Tsohuwa Mai Tulu, ya ɗiga mata ɗaya, ya ce wannan ko iska ta kayar da ita, ta masu koyo ce. Ni kuma da dogon bakina na koma ciki ina dariya na kwashe duka na gaya mata, har da maganar iskar.

Ban lura da irin makon da muke ciki ba. A makon ne labari ya tabbata cewa za a tashi tsohon Zongo, a kai mu can arewa bayan Agoè, inda a lokacin daji ne sai ciyawa. Duk gida lissafi ɗaya ake yi, me za a iya ɗauka, me za a bari. Daga ɗakinta Inna tana jin maza a shago suna cewa gadon ƙarfe nauyi ne, tsohon turmi ba ya biyan wahalar ɗauka. Ana cikin haka 'yarta ta shigo tana washe baki da labarin cewa surukinta ya auna tsohuwa marar haƙori ya ga ita ce mafi rauni a duk littafinsa. Da dare Inna ta dawo da tuwo ba ta taɓa ba. Washegari na tarar ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi ɗaya, ta ce in sa a rubuta wa yayana da ke Kumasi ya zo ya tafi da ita. Na ce Inna me ya yi zafi? Ta ce, “Mai ɗaya ba ta zama wa mutane kaya.”

Na san Inna. In ta tafi Kumasi ta tafi ke nan, da shekarunta da tsaurin iyaka a wancan zamani, sai dai in ji saƙon rasuwa. Na ruga shago na ce wa Malam ya ɗauki biro yanzu-yanzu ya mai da ɗayan nan shida. Wallahi mutumin nan ya ƙi. Ya ce ya hana Saidu, ya hana Kwami, ba zai yi ƙarya a littafinsa ba, kuma Inna ba yarinya ba ce da za a rufe wa baki da alewa, za ta gane lallashi ne, abin ya ƙara mata ciwo. Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ya zaɓi kaye ya bar uwata, na ce Allah ya sa dodannin su dafa masa tuwo. Kwana uku ban yi masa magana ba. Shi ma bai ji daɗi ba, a kwanakin nan ya ɗinka wa wani alhaji hannun riga a baibai. Ga ta nan bango ɗaya ya raba su, amma al'ada ta hana shi zuwa ya ce ta yi haƙuri ba haka yake nufi ba.

Ran na huɗu ya kira ni ya ce hanya ɗaya ya gani. Dokar wasa ta ce lamba tana canjawa a kan tebur. To Inna ta zo ta riƙe tsohuwarta da kanta, shi zai sauka daga mai hanya ya ɗauki maɓalli kamar kowa. Na kai saƙo ina jiran a kore ni. Inna ta kafa sharaɗi biyu: ita ba ta tatsuniya da rana, kuma ba ta zama gaban suruki. Saboda haka ranar Lahadi, ana idar da magariba, aka kinkimo teburin yanka zuwa tsakar gida aka ajiye a ƙofar ɗakinta, labule a sake, na kunna fitila. Saidu ya zama maƙeri, Kwami falke, Malam maharbi. Ni aka ba aikin duba ƙwaya in faɗi abin da ya fito.

Muryar da ta fito daga bayan labulen ban taɓa jin ta ba, siririya, tana rawa. Ta ce rana ta take, ayari ya kwana biyu ba ruwa, ga rijiya, ga tsohuwa zaune a kan hanyar guga, tana cewa wa zai ɗora mata. Saidu, da yake ya san lambarta ɗaya ce, ya ce shi ture ta zai yi ya ja ruwa. Ya jefa biyar, ya buga cinya. Muryar ta ce to ya ture ta, ta faɗi, ya sha. Guga na farko ya ƙara masa ƙishi, na biyu ya fi, har yanzu yana can yana sha, a cire maɓallinsa. Kwami ya ga abin ba na ƙarfi ba ne, ya ce shi zai ba ta goro ya yi mata sannu ya wuce. Ya jefa shida. Muryar ta ce ta karɓa ta gode, Allah ya yi albarka. Ya yi tafiya yini guda, da yamma ya ɗaga kai sai ga shi a bakin rijiyar nan, ga tsohuwa tana tambaya wa zai ɗora mata. Kwami ya tuɓe hula ya shafa kai ya ce wani abu da yarensu.

Saura Malam. Ya ce maharbi ya durƙusa, ya gaishe ta, ya tambayi gida da jiki. Muryar ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na farga da abin da ke faruwa a gabana. Shekara goma sha ɗaya, yau ga su suna magana kai tsaye ba ta bakina ba, kuma ba wanda zai ce an yi rashin kunya, don tsohuwar rijiya ce ke magana da maharbi. Ya ce zai ɗora mata. Ya jefa ƙwaya, ta yi ta juyi ta tsaya a kan ɗaya. Saidu ya fara dariya, na ce ya rufe mana baki, lambarta ɗaya ce, ɗaya ta isa.

Muryar ta ce tulun ya hau kai, amma wuyan tsohuwa ba ya ɗauka kamar da. Ta ce kuma an ce an tashi garinsu an kai wani wuri mai nisa, ba ta san hanya ba, ba ta san ko akwai inda za ta ajiye shi a can ba. A nan rawar muryar ta daina zama ta wasa, duk wanda ke wurin ya ji. Malam ya dubi ƙyallen akoko ya ce:

“Maharbi ya ajiye bakansa, ya sauke tulun ya ɗora a kansa. Ba shi da nauyi. Ki biyo shi a hankali, Iya. Duk inda aka kai garin, ɗakinki za a fara ginawa.”

Ba a jefa ƙwaya ba, ba wanda ya tuna da ita. Mun ji an fyace hanci a bayan labule, sannan aka ce, “To, ya wuce.” Ni kam kuka nake yi a fili, ban ɓoye ba. Malam ya jawo kaye ya cire murfin biro zai mai da lambar shida, don ta kayar da biyu cikin uku, doka ta ba ta. Sai Inna ta kira sunana da muryarta ta kullum, ta ce in gaya masa ya bar ta a ɗaya. Mai tarbiyya ko sa'arsa ƙarama ce ya wuce, masu gaggawa kuma su zo su sha yadda waɗannan suka sha.

Da lokacin tashi ya zo, a kamiyo ɗaya, babbar motar kaya, muka tafi, Inna a gaba kusa da Saidu, ƙunshinta a cinya. Malam ya cika magana. Ɗakinta aka fara ɗagawa, mu da yara da keken ɗinki muka ci damina guda a ƙarƙashin rumfar kwano, kuma na yi ƙorafi iya ƙorafi, kada a ce ban faɗa ba. Ta ƙara shekara tara tare da mu. Ba su taɓa haɗa ido ba har ta koma ga Allah. Amma duk lokacin da wata magana ta taru mata, ko auren jika, ko ta ga yana wahalar da kansa da aiki, sai ta ce mini in gaya wa mai hanya ranar Lahadi fatake su bi ta rijiya. Shi kuma ya ɗauki maɓallinsa ya sa a kai tebur ƙofar ɗaki.

Inda tsohon Zongo yake yanzu manyan gine-gine ne, in na wuce a mota ba na iya nuna inda shagon yake. Dajin da aka kai mu ya zama gari har ya cushe. Rigunan da ya ɗinka sun mutu, keken ya yi tsatsa, Saidu da Kwami duk sun bi shi. Masu karanta ajami a jikokina biyu ne, sauran in sun fara Hausa kafin su kai ƙarshen magana sun zame cikin Faransanci. Ban damu ƙwarai ba. Na auna abin da ya bari na ga ya ishe ni: mutum ne da ya ƙi yi wa tsohuwa ƙarya don ya faranta mata, ya nemo hanyar da zai faɗa mata gaskiyar zuciyarsa ba tare da ya taka al'ada ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinsu.

Yau ni ce marar haƙori. Shekara biyu 'yata tana fama da ni in bar gidan nan in koma wurinsu a Avédji saboda gwiwoyina, ina cewa ina nan lafiya, alhali tsoron zama kaya ne ya riƙe ni. Da ƙaramar Sallar nan jikoki suka taru, suka ciro kayen, suka ce a fara da mai sauƙi, a ba su mai ɗaya. Na shiga ɗaki na saki labule. Uku suka faɗi a jere, ina jin su suna gardama da Faransanci. Sai na ji an tuɓe takalmi a bakin ƙofa, muryar mijin 'yata, mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dube ni ba, tana cewa a ba shi maɓalli ɗaya. Ya gaishe da tsohuwar rijiya, ya tambayi jiki, ya ce ɗakinta yana can gidansu a share tun bara. Na ce masa ya wuce. Wata mai kamawa zan tare.